Ankwa a Gindin Kurna

Matan da ke zuwa tsinkar tattasai ne suka fara gani. Rana ba ta gama fitowa ba, suna tafe a jere kan kunyar da ta raba gonakin bakin kogin Komadugu, sai ta gaba ta tsaya cak. A gindin kurnar da ke iyakar gonar Hajja Kaltum, ga Tanko dillalin shanu kwance, rabin jikinsa cikin hanyar ruwa, goshinsa ya kumbura kamar albasa, ankwa tana reto a hannunsa na dama. A tsaye kansa kuwa Khalilu ne, sabon ɗan sandan unguwa, ba hula, riga a yage, fuska da hannuwa duk karce.

"Kai ka yi masa haka?" in ji Hajja Kaltum.

Khalilu ya dubi matan, ya kau da kai.

Aka yayyafa wa Tanko ruwa ya farfaɗo. Da aka tambaye shi abin da ya faru, sai ya leƙa bayan matan, can wajen kogi, ya daɗe yana leƙe, sannan ya ce bai tuna komai ba. Bai sha wahalar tunawa ba, don kafin amalanke ya kai shi gida unguwa ta tuna masa. A bakin masallaci an ce kulki ne. A tashar mota an ce gindin bindiga ne. Da labarin ya kai cikin garin Diffa, har an soma tambayar lokacin jana'iza.

*

Adjidan Maina, shugaban ƙaramin ofishin ƴan sanda na unguwar, mutum ne mai son doka yadda wasu ke son shayi. Tun da aka aiko da sababbin ƙa'idojin aiki, kowace safiya sai ya jera yaransa ya karanta musu. Ba a bin mutum da gudu sai an nemi izini ta rediyon hannu. Ba a sa wa mutum ankwa sai ya yi gardama ko ana tsoron asarar rai. Ba a duka. In kuwa wani ya ji ciwo a hannun ɗan sanda, to ya zama babban lamari: ɗan sandan zai ajiye hula da ɗamara, a nemo wani wanda ba na ofishin ba ya duba wurin, a aika rapor, wato rahoto, sama kafin rana ta faɗi.

Ya tsayar da Khalilu gaban teburinsa.

"Ka yi gudu?"

"Na yi, Shef."

"Ka nemi izini?"

"Ban samu hali ba, Shef."

"Ka sa masa ankwa?"

"Na sa."

"Ya yi maka gardama?"

"A'a, Shef. Shi ne ma ya miƙo hannun."

Adjidan ya ajiye biro. "To ka doke shi?"

"Wallahi ban doke shi ba."

"Wa ya doke shi?"

Khalilu ya zuba wa ƙafar tebur ido.

"Ka san abin da ka faɗa min yanzu? Gudu ba izini, ankwa ba gardama, ga mutum da goshi kamar an hura. Kuma kai har yanzu a gwaji kake. In rapor ɗin nan ya tafi a haka, kakin nan ya rabu da kai ke nan. Ajiye hula da ɗamara."

Khalilu ya kwance ɗamara ya ajiye. Hula kuwa ya ce bai san inda take ba. Wannan ya dami Adjidan ƙwarai, don doka ta ce hula da ɗamara, ba ta ce ɗamara kaɗai ba. Ya ɗan yi tunani, ya ce Khalilu ya zauna a benci a matsayin wanda aka dakatar rabi. Khalilu ya zauna, yana tuna hotonsa sanye da kaki da mahaifiyarsa ta rataya a ɗakinta a Mainé-Soroa, inda duk baƙon da ya shigo sai an nuna masa kafin a ba shi ruwa.

Adjidan ya aika a kira Malam Shu'aibu mai bin sawu.

*

Malam Shu'aibu ɗan makiyaya ne da ya zauna gari. A ƙuruciyarsa ya bi sawun raƙuman sata daga dajin N'Guelbély har inda yashi ya ƙare, kuma duk wanda ya zauna kusa da shi wurin shan shayi ya ji labarin, wasu har sun fi shi iya bayar da shi. Ba ya raina kansa. Yakan ce ƙasa ba ta taɓa yi masa ƙarya ba, mutane ne kawai ke takawa su ɓata mata magana.

Da ɗan aike ya faɗi sunan ɗan sandan da ake zargi, fuskar Malam ta washe. Watannin baya dangin Khalilu sun zo daga Mainé gaisuwa saboda neman auren ƴar Malam, Rumaisa. Bai ce musu e ba, bai ce a'a ba. Abin da ya faɗa bayan tafiyarsu shi ne, gidan da aka yi kaka da kakanni ana tatsar nono ba ya rasa surukin da ya san gaban saniya da bayanta.

Rumaisa ta miƙo masa sandarsa, idonta a ƙasa.

"Baba, ka duba da kyau."

"Yaushe na taɓa dubawa ba da kyau ba?"

"Ranar da aka sace akuyar Inna Dije. Ka bi sawun ɓarawon har ƙofar gidan nan, ashe naka ne na jiya."

"Ranar takalmin aro na sa," in ji shi, ya karɓi sandar ya fita.

*

Gindin kurnar ya zama kamar filin biki. Matan tsinka sun taka, masu ɗaukar Tanko sun taka, jakin amalanke ya taka, sannan duk wanda ya ji labari ya zo ya tsaya daidai inda aka ce an yi dukan don ya gani da idonsa. Malam Shu'aibu ya riƙe ƙugu yana girgiza kai.

"Da an kira ni kafin a kira gari."

Duk da haka ya sunkuya. Can ya ga sawun takalmin but mai zurfi, ya ɗaga yatsa a yi shiru. Ya bi shi a duƙe, ya zagaya kurnar, ya tsallake hanyar ruwa, ya dawo, mutane na biye da shi a hankali. Sawun ya ƙare a wasu baƙaƙen takalma masu ƙyalli. Ya ɗaga kai ya ga Adjidan Maina a cikinsu.

"Na tabbatar ka zo wurin nan," in ji Malam.

"Tare muka zo."

"Shi na tabbatar."

Adjidan ya ja tsaki a hankali. "Malam, abin nan ya dame ni. Yaron bai taɓa ko ɗaga wa mutum murya ba. Shi kuma Tanko mutumina ne. Shi na ba sautun saniyar Kuri, irin mai manyan ƙahonin nan, fara, mai sabon ɗa. Ya ce min yau ko gobe zai kawo min ita har gida. Ya rantse min tunkiya ma ta fi ta faɗa. Yanzu ga shi yarona ya fasa masa kai."

"Bari mu ji bakin mutane," in ji Malam, "tunda sun hana ƙasa magana."

*

Sanusi mai gyaran injin ban ruwa ne kaɗai ya ce ya gani da idonsa. Suka same shi a bakin kogi, hannunsa baƙi ƙirin da mai, yana faɗa da wani inji da ya ƙi tashi.

"Ina can wajen tsamiyar Bulama mai unguwa na hango su. Mutum biyu a guje. Ban taɓa ganin Tanko ya yi gudu haka ba, ko ranar da aka ce an ga kada."

"Wa ke gaba?"

Sanusi ya dube shi kamar ya tambaye shi ko ruwa na jiƙa mutum. "Haba Malam. Ɗan sanda da farar hula suna gudu, ka ce wa ke gaba? Ai ɗan sanda a baya yake. Haka ake yi."

"Ka ga haka, ko haka ake yi?"

"Da nisa, kuma masarar Bulama ta tare ni. Kawuna kawai nake hangowa. Amma ai ba sai na gani ba."

"Ba ka ji komai ba?"

"Injin nan yana aiki a lokacin. In yana aiki ko kiran salla ba na ji." Ya ɗaga sifana ya buga wa injin. "Tun daga nan bai sake tashi ba. Shi ma ya tsorata."

*

Zauren Tanko cike yake da masu jaje. An shimfiɗa masa katifa, gefensa kwanukan kunu da farfesu sun yi layi. Ya ƙi yarda a kai shi likita, ya kuma ƙi yarda a cire ankwar. Ya ce shaida ce. Duk wanda ya shigo sai ya ɗaga hannun ya girgiza ta, kamar mai nuna sabon agogo.

"Wushe, Tanko. Ya jiki?"

"Malam, sai godiya. Ka ga yadda hukuma ta mayar da ni."

"An ce ba ka tuna komai ba."

"Yana dawowa kaɗan kaɗan. Ina tafiyata, ba ruwana da kowa, sai na ji an ce tsaya. Sai duka."

"Da me?"

"Da wani abu mai nauyi."

"Kulki," in ji wani daga bakin ƙofa.

"Ya fi kulki," in ji Tanko, kuma a nan muryarsa ta yi kama da ta mai faɗin gaskiya.

Malam ya lura Tanko a kishingiɗe yake ta gefe guda, kuma duk sanda ya so gyara zama sai ya cije leɓe ya fasa.

"Can baya ma ya doke ka?"

"Ko'ina, Malam."

"Me ya fito da kai gonaki da sassafe? Kasuwar shanu ba ta nan take ba."

"Shan iska."

"Da sanyin nan?"

"Likita ya ce in riƙa tafiya."

Rigar da ya sa da safe tana rataye a ƙusa. Malam ya shafa kafaɗarta a kan hanyarsa ta fita. Jan garin tattasai ya manne masa a yatsu, da wasu gajerun gashi farare. Ya shinshina, ya yi atishawa, masu jaje suka yi masa addu'a. A unguwar da kowa ke kwana da tattasai ya tashi da shi, kuma a rigar dillalin shanu, wannan bai zama abin mamaki ba. Ya goge hannu a rigarsa ya wuce.

*

Ya biya ta ofis. Khalilu ya miƙe daga benci ya durƙusa har ƙasa.

"Sannu, Baba."

"Ajiye Baban nan tukuna. Me ya karce ka haka?"

"Aiki ne."

"Mutane sun ce farcen Tanko ne, yana ƙwatar kansa."

"In sun ce haka, to."

"Yaro, ka san kakinka ne a kan tebur?"

"Na sani. Duk abin da aka ce na yi, na yi, ban da duka. Sauran kuwa, da in faɗa maka gara a kore ni."

"Ni musamman?"

Khalilu ya koma kan benci ya zauna. Malam ya fita yana jin daɗi a ransa. Mutum ba ya ɓoye wa uban yarinya abu sai mummuna ne, kuma shi dama mummunan yake nema.

*

Saura Hajja Kaltum. Mutane da dama sun raɗa wa Malam cewa ko makon jiya ta yi wa Tanko alkawarin taɓarya in ya sake ratsa mata gona da shanu. Ya same ta zaune kan turmi a kife a gefen gonarta, taɓaryar kuwa tana kan cinyarta.

"Hajja, an ce kin yi wa Tanko alkawari."

"Na yi. Wani ya riga ni cikawa."

"Ba ke ba ce?"

"Shu'aibu, ka san ni tun muna yara. In ni ce, kana ganin zai iya shan farfesu yau?" Ta nuna bayanta da haɓa. "Kowa Tanko, Tanko. Ba wanda ya tambayi tattasaina. Dubi abin da aka yi min. Jiya da yamma na ba fangalin nan ruwa, yau na tarar an yi sukuwa a ciki. Na kewaye shi da ƙaya, ba mai shiga sai Bulama ya zo ya gani da idonsa."

Malam ya leƙa ta saman ƙayar. Fangali ne mai tsawo, ya miƙe sosai zuwa wajen kurnar. Tsiran tattasai sun kwanta, jajayen ƴaƴan sun fashe cikin laka. Lakar kuwa ta soma bushewa, kuma tun safe ba ƙafar da ta taɓa ta.

"Hajja, bar ni in shiga."

"Kai ne Bulama?"

"Zan gaya miki wanda ya yi."

Ta yi tunani, ta janye reshe ɗaya. "A kan kunya za ka taka. Ka karya min tsiro ɗaya, alkawarin Tanko ya dawo kanka."

Ya bi kunyar a hankali, ya tsuguna. Ya daɗe a tsugune. Sai kafaɗunsa suka soma rawa. Hajja ta zaci kuka yake yi, sai da ta ji ya shaƙe da dariya har yana tari. Ya matsa gaba yana share hawaye, ya kai tsakiyar fangalin inda lakar ta fi dagulewa. A nan dariyar ta tsaya. Ya karkata kai ya duba ta nan, ya zagaya ya duba ta can, kamar mai neman kuskure a ɗinkin da ba ya son biya. Bai samu ba. Ya miƙe fuskarsa ba daɗi.

"Wa ya yi?" in ji Hajja.

"Bayan la'asar, a gindin kurna. Ki zo da taɓaryar." Ya juya ya bi wani sawu da ya fita daga fangalin ya nufi ciyawar kacalla ta bakin ruwa. Da ya dawo ya wuce gida kai tsaye, ya ce wa Rumaisa ta nemo igiya da ƙwaryar dusa da ɗan gutsuren kanwa.

*

Bayan la'asar gindin kurna ya sake cika. Adjidan ya zo da motar ofis, rapor ɗinsa a hannu, saura sa hannu kawai. An kawo Tanko a amalanke, kwance ta gefe guda. Sanusi ya zo da sifanarsa. Khalilu yana tsaye can gefe, ba hula ba ɗamara, wandonsa yana neman zamewa.

Malam Shu'aibu ya kai manya bakin fangalin, Hajja tana lura da ƙafar kowa.

"Adjidan, in mutum yana bin wani, sawun wa ke hawa kan na wa?"

"Na mai bi. Shi ya taka daga baya."

"To duba. Ga but ɗin ɗan sanda. Ga takalmin robar Tanko, mai faci a dunduniya. Wanne ke sama?"

Adjidan ya sunkuya. Ya cire tabarau, ya mayar. "Na Tanko."

"Nan fa? Can fa?"

Ko'ina haka ne. Sawun roba ne ke bisa na but.

"Ke nan," in ji Adjidan a hankali, "Tanko ne ke bin ɗan sanda?"

"Ba a yin haka," in ji Sanusi.

Adjidan ya buɗe takardar ƙa'idoji yana juya shafi. "Babu wannan a ciki."

"Kada ka wahala. Duba abin da ke bisa su duka biyun." Malam ya nuna da sanda. Kofato ne, faffaɗa, a baje kamar na dabbar da ta saba taka laka, kuma gabansa ya nutse sosai. "Wannan ba tafiyar shan ruwa ba ce. Wannan ta yi fushi." Ya juya ga Khalilu. "Za ka faɗa, ko in faɗa? In ni na faɗa, zan ƙawata."

Khalilu ya riƙe wandonsa da hannu ɗaya. Ya dubi Adjidan, ya dubi takardar da ke hannunsa, sannan ya dubi ƙasa.

"Ina sintiri saboda masu satar tattasai a shanya. Na hango mutum a guje da buhu a kafaɗa. Na ce tsaya. Bai tsaya ba, ni ya nufo. Sai ya yar da buhun, buhun ya yi kuka. Sai na ga abin da ke bayansa. Saniya ce. Na juya."

"Ka juya ka yi me?" in ji Adjidan.

"Na gudu, Shef. Na hau kurna."

Kowa ya ɗaga kai ya dubi kurnar, da ƙayoyinta masu lanƙwasa. Wata tsohuwa ta ce ko akuya ba ta hawanta.

"Tanko ya kasa hawa. Na miƙo masa hannu, hannunsa yana santsi. Sai na ɗaura masa ankwa na riƙe ɗaya gefen in ja shi. Na kusa ɗaga shi ta iso. Ta ɗauke shi ta baya, goshinsa ya haɗu da itace, ya suɓuce min. Ta tsaya tana huci a ƙasa, ni ina sama. Da ta tafi na sauko, sai ga su Hajja."

Malam ya karɓi taɓaryar Hajja, ya zura ta cikin rassa ya girgiza. Ƴaƴan kurna suka zubo, bayansu hular ɗan sanda ta faɗo a kan kafaɗar Adjidan.

Dariya ta ɓarke. Tanko ya yunƙura a kan amalanke.

"Ƙarya ce. Ni? Ni da na tsufa cikin shanu? A kasuwar nan akwai bijimin da ban kama ƙahonsa ba? Ku tambayi kowa. Saniya ta kore ni, gobe wa zai ba ni dabbarsa in sayar?"

Bai rufe baki ba taron ya dare gida biyu. Rumaisa ce tafe daga wajen kacalla, ƙwaryar dusa a hannu ɗaya, igiya a ɗayan. A ƙarshen igiyar farar saniya ce ƙatuwa, ƙahoninta masu kauri kamar tulu biyu, ɗan maraƙinta yana tangaɗi a gefenta.

Mutumin da aka kawo a kwance ya diro daga amalanke ya shige bayan Hajja Kaltum, ankwa tana kaɗawa. Khalilu bai motsa ba, amma idonsa ya tafi kan reshen kurna na ƙasa. Adjidan, wanda ba wanda ya ga lokacin da ya yi, yana cikin mota ya ɗaga gilashi saura kaɗan.

"Tanko," in ji shi ta ɗan wurin da ya rage, "wannan ce tunkiyar tawa?"

Daga bayan Hajja murya ta fito ƙasa ƙasa. "Shef, haka ake yi tun kakanni. In za ka kai saniya mai jego wani wuri, ɗan za ka saɓa a kafaɗa, ita sai ta biyo ka tana lasarsa."

"Haka ake yi," in ji Malam Shu'aibu. "Amma tana ganinsa. Kai me ka yi?"

"Sanyi ake. Na ji tausayinsa, na sa shi a buhu."

"Wane buhu?"

"Wanda na samu."

"Na tattasai," in ji Rumaisa, ba ta ɗaga kai ba. "Har yanzu idonsa na hawaye."

"Uwa tana jin ɗanta yana atishawa yana kuka cikin buhu a wuyan ƙato," in ji Hajja. "Ni ma da na soke ka. Fita daga bayana."

Adjidan ya sauko daga mota bayan ya tabbatar igiyar tana da ƙarfi. Ya gyara riga, ya buɗe takardarsa, ya yi gyaran murya. Doka ta hana ɗan sanda bin mutum ba izini, amma ba ta ce komai ba game da ɗan sandan da ake bi. Ankwa kuwa an yarda da ita in ana tsoron asarar rai, kuma ba a fayyace ran wa ba, ko daga wa. Duka babu. Ya ninke tsohon rapor ya sa a aljihu, ya miƙa wa Khalilu hularsa, ya ce ɗamara tana ofis. Sannan ya fito da ɗan makulli ya cire wa Tanko ankwar. Tanko ya bi ta da kallo kamar an raba shi da gado.

"Saura sabon rapor," in ji Adjidan. "Dole a rubuta wanda ya yi dukan, da sunan mai shi."

"Sunan mai ita nake jira ni ma," in ji Hajja Kaltum, ta nuna fangalinta da taɓarya. "Rubuta da kyau, Maina. Ka san yadda ake rubuta shi."

Mutane suka soma watsewa suna maimaita wa juna labarin. Khalilu ya sa hula, bai dubi wajen Rumaisa ba. Yaran unguwa har sun fara yi masa kukan saniya daga nesa.

"Ku dakata," in ji Malam Shu'aibu. Ya faɗe ta kamar mai haɗiye magani. "Yaron nan ya tsallake wuri ɗaya, ni kuma ba na barin sawu rabi. A tsakiyar fangalin akwai gwiwa biyu da tafin hannu biyu. Tanko ne ya faɗi. But ɗin ya riga ya wuce, hanya a buɗe take gabansa har kurna. Sai ya juyo. Ya dawo wajen saniyar, dunduniyarsa ta nutse inda ya ɗaga ƙaton nan, sannan suka ci gaba." Ya dubi Khalilu sama da ƙasa. "Na duba ta kowane gefe ko zan ga ba haka ba ne. Haka ne."

Ba wanda ya yi dariya. Tanko ya sosa goshinsa, ya taɓa wurin ciwon, ya janye hannu.

"Rumaisa, ba shi igiyar. Ya kai wa shugabansa dukiyarsa gida."

Khalilu ya karɓi igiyar ta can ƙarshenta, da yatsu biyu. Saniyar ta juyo ta dube shi, ta yi huci. Ya dubi kurnar, ya dubi Malam, ya naɗe igiyar a hannunsa.

"Ka aika wa mutanenka na Mainé su dawo," in ji Malam. "Amma ka ce kada su yi gaggawa. Sai ka iya tatsar wannan."

Suka kama hanyar gari, Rumaisa da ƙwaryar dusa, Khalilu da igiya, maraƙin yana atishawa jefi jefi. Malam Shu'aibu ya biyo su a baya, idonsa a ƙasa kamar kullum. Ga faffaɗan kofato a dama, ga ƙaramin takalmin ƴarsa a hagu. Sawun but ɗin yana tsakiyarsu. Takun gajere ne, yana rawa kamar na mai zazzaɓi, kuma har suka shiga gari bai kauce daga tsakiyar ba.